Talata Silima, Asabar Ƙanƙara

Ni akanta ce, haifaffiyar Kano. Can na yi karatu, can na yi aure, can na fara aiki. A 2019 muka tattaro ni da maigidana da 'ya'yanmu biyu muka dawo Otawa, babban birnin Kanada. Sai da na shekara biyu ina fama da jarrabawa da 'yan ƙananan ayyuka kafin na samu gurbi a wani ofishin akantoci da ke cike wa mutane takardun haraji. Ba zan ambaci sunan wurin ba, don har gobe nan nake cin abinci, kuma abin da ya same ni ba laifin mutum ɗaya ba ne.

A ƙasar nan haraji kaka gare shi, kamar gyaɗa. Kusan kowane baligi sai ya cike takarda duk shekara ya faɗa wa gwamnati abin da ya samu. Ƙarshen Fabrairu ma'aikata ke karɓar takardar albashinsu da ake kira T4, daga nan kuma sai ƙofar ofishinmu ta daina rufuwa. Wani ya zo da fayil a shirye tsaf, wani ya zo da kwalin takalmi cike da rasit, har da na shayin da ya sha a hanya. Wa'adin kowa 30 ga Afrilu, in ban da masu sana'ar kansu da ake ɗaga wa ƙafa zuwa 15 ga Yuni. Wanda ya makara alhali ana bin sa kuɗi, tarar kashi 5 cikin 100 ce ke hawa kansa nan take, sannan kashi 1 duk wata. Saboda haka duk wanda ya zauna gabana a Afrilu a tsorace yake zuwa, kuma tsoron nan a kan teburina yake ajiye shi ya tafi. Wata biyu cur nakan fita gari bai gama wayewa ba, in dawo yara sun yi barci.

Kakar 2023 ce ta kayar da ni. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, a tsakiyar aikin ke nan, kuma kafin ya ƙare muna yin kusan awa 15 ba ci ba sha. Ranar 5 ga Afrilu aka yi irin ruwan nan da ke daskarewa da zarar ya taɓa abu, ya lulluɓe itatuwa da wayoyin lantarki, rassa suka kakkarye, wuta ta ɗauke a unguwanni da dama. Da farko dariya na yi, na ce wa Baban yara ashe abin har nan ya biyo mu. Kwana biyu ina aiki cikin mota da kwamfuta a cinya, dariyar ta ƙare. Ana gobe jibi Sallah kuma ma'aikatan gwamnatin tarayya suka tafi yajin aiki, har da na haraji, duk tambayar da a da za ka ɗaga waya ka yi sai ka nemo amsarta da kanka.

Cikin wannan hali na yi kuskure. Otawa a bakin kogi take, tsallaken kogin kuwa garin Gatino ne, a lardin Kebek. Doka ta ce inda 31 ga Disamba ta same ka da zama, nan ne lardinka na haraji a shekarar, kuma mazaunin Kebek takarda biyu yake cikewa, ta tarayya da ta lardi. Wani bawan Allah ya tashi daga Otawa ya koma tsallake a Disamba, ni kuwa na kwafi adireshinsa na bara ban tambaya ba, na tura. Da abin ya fito, shugabata ta aiko mini da imel ta saka wasu mutum biyu a ciki. Bature ba ya zagi. Layi uku zai rubuto maka masu cike da ladabi, ka kwana kana juyi. Gyaran bai ɗauki rabin yini ba, mutumin ma bai yi asarar kwabo ba, amma ni a raina na riga na yanke wa kaina hukunci: baƙa, mai ɗankwali, mai takardar wata ƙasa, ga shi ta nuna musu abin da dama suke zato.

Washegari na isa wurin ajiye motoci na kashe mota, hannuna ya ƙi sakin sitiyari. Ƙirjina kamar an ɗora turmi. Ina ganin abokan aiki suna wucewa da kofin kofi a hannu, ni na kasa buɗe ƙofa. Na fi minti 40 a haka kafin na kira Baban yara. Likita ta auna ni ta ce jinina ya hau, ta yi tambayoyin da aka saba yi, barci da ci da ciwon kai, sannan ta ajiye biro ta ce, "Me kike yi don jin daɗi kawai?" Na ce ina karatu. Ta ce wane iri. Na ce na jarrabawa. Na ce ina girki, ta ce wa nake dafa wa. Daga nan na yi shiru, don gaskiya ba ni da amsa.

Da na faɗa wa Umma a waya, cewa ta yi, "Ke 'yar nan, aikin nan gadonki ne?" Na so in ce mata ai daga wajenki na gada. Tun tasowata ban taɓa ganin Umma zaune hannu rabbana ba. In ba ta tsince shinkafa tana saƙa, in ba ta saƙa tana ƙulla man gyaɗa. A gidanmu mace ta zauna haka kawai sunansa lalaci, ta fita don nishaɗi kuwa sunansa shashanci. Da wannan na tsallako teku, ban san na sako shi cikin akwati ba.

Fim ne abin da na fara tunowa. Muna yara yayyena maza kan saci jiki su tafi Plaza a Fagge ko El Dorado a Sabon Gari, in sun dawo su sha bulala, washegari su zauna su ba mu labarin fim ɗin tun daga farko har ƙarshe, har da kwaikwayon faɗan. Mu mata ko kusa da ƙofar silima ba ma bi, wannan wurin 'yan iska ne a idon unguwa. Namu shi ne kaset ɗin haya, na Indiya da na Hausa, a taru a ɗakin wata maƙwabciya mai bidiyo a yi ta addu'a kada a ɗauke wuta kafin jarumi ya gane uwarsa. Na girma, na yi aure, na haihu, na zo har Kanada, ban taɓa zama a kujerar silima ba.

A nan manyan gidajen silima suna rage kuɗin tikiti ranar Talata, to ni akanta ce, Talata na zaɓa. Talatar farko cikin Mayu na ce wa Baban yara zan fita. Ya ce ina. Na ce silima. Ya ɗago ya dube ni. "Silima? Ke kaɗai?" Na ce ni kaɗai. Ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "To Hajiya, Allah Ya kiyaye hanya. A taho mana da gugguru." Wallahi a layin tikiti waige-waige nake yi, kamar wata daga Ƙofar Mata za ta ɓullo ta kai rahoto gida.

Fim ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne, yanzu ma ba zan iya kawo labarinsa ba. Abin da na riƙe shi ne lokacin da aka rage fitilu aka ce kowa ya kashe waya. Na kashe. Rabona da in kashe waya da hannuna har na manta. Awa biyu babu mai nemana, babu mai kirana Mami, babu imel, ba ni ce mai kula da komai ba. A gida ma ai muna da fina-finai a talabijin, amma kallon gida kallo ne da rabin ido, kana ninke wanki, kana leƙa tukunya, kana tsayarwa ka amsa waya. A silima ba a tsayar maka. Wani wuri da wata mata ke wanke kwanuka ita kaɗai a kicin, ba kiɗa ba magana, sai na ji hawaye na bin fuskata, na bar shi ya zuba tunda duhu ne.

Daga baya na gano ƙananan gidajen da na fi so. Akwai Mayfair a titin Bank, tun 1932 yake, allo ɗaya tak, yana maimaita tsofaffin fina-finai. Akwai ByTowne a titin Rideau, wanda aka rufe a ƙarshen 2020 lokacin korona, wasu suka saye shi suka sake buɗewa. Nan na fara kallon fina-finan Iran da Koriya da Senegal ina karanta fassara a ƙasan allo. Na Iran sun fi kama ni, don rigimarsu irin tamu ce, ta gado da suruka da abin da maƙwabta za su ce. Wasu kuma nakan fito ina jin haushin kuɗina. Ko wannan haushin daɗi gare shi, tunda ba na ofis ba ne.

Cin abinci a waje ya fi silima yi mini wuya, abin mamaki. Matar Bahaushe ta sayo abincin dare alhali ƙafarta ƙalau? Nakan dawo ƙarfe 9 na dare in ɗora tukunya, ba don wani ya ce dole ba. Baban yara ne ya karya abin. Wata Juma'a na shigo ina cire takalmi ya ce, "Mayar da shi, yau Kwarori za su ciyar da mu." Otawa cike take da 'yan Labanan, da yawansu yaƙin ƙasarsu na 1975 ya koro, kuma da wuya ka yi tafiyar minti biyar a mota ba ka ga shagon shawarma ba. Mu mutanen Kano ai ba baƙinmu ba ne, ga Kantin Kwari shaida. Faranti guda da shinkafa da kaza da dankalin da aka juya cikin tafarnuwa yakan ishi mutum biyu. Daga nan Juma'a ta zama ta fita. Mun ci na Somaliyawa, waɗanda ke ajiye maka ayaba kusa da shinkafa da nama, ɗana ya ɗauka ta bayan abinci ce har mai wurin ya zo ya nuna masa yadda ake haɗawa. Mun ci na Afganawa da na Turkawa. Abin da har yau ban saba da shi ba shi ne lissafin ƙarshe. Farashin da ke rubuce ba shi za ka biya ba, sai an ɗora harajin kashi 13, sannan na'ura ta miƙo maka zaɓin tukwici, 15 ko 18 ko 20, mai kawo abincin na tsaye yana kallon silin. Yarana sun hana ni fito da kalkuleta a teburi.

Ƙanƙara kuwa 'yata ce ta ja ni. A kakar sanyin da ta biyo baya ta nace sai an sa ta darasin zamiya kamar ƙawayenta. Duk Asabar da safe sai in kai ta, in hau benci da kwamfutata, in ci gaba da aikin ofis hannu na rawar sanyi. Akwai wata tsohuwar Baturiya da ke kawo jikanta, tsohuwar malamar lissafi, kullum kusa da ni take zama da bargo a gwiwa. Mako na huɗu ta ce, "Yarinyarki ta tsaya da ƙafa ɗaya yau, kin gani?" Ban gani ba. Na rufe kwamfutar don kunya.

Bayan yara sun fita manyan 'yan wasa kan shigo atisaye, masu tsalle da juyi kamar katantanwa. Na ce mata abin da kyau, amma ni ban ga yadda za a ce wannan ya fi wancan ba, ai son rai ne kawai na alƙalai. Kamar na taɓo mata inda yake ƙaiƙayi. Ta ce da haka ne, har sai da aka yi abin kunya a gasar Olamfik ta 2002 a Salt Lake City, inda aka danne 'yan Kanada biyu, Jamie Salé da David Pelletier, duniya ta yi ca, dole aka ba su zinare na biyu. Shekara 20 da wucewa amma tana faɗa muryarta na rawa. Bayan nan aka watsar da tsohon tsari aka kawo na lissafi. Ta buɗe wayarta ta nuna mini takardar makin wata gasa.

Jama'a, takardar nan ce ta kama ni, ba rawar ba. Layi-layi, kamar littafin shiga da fita. Kowane tsalle da farashinsa. Iri shida ne, kuma mafi tsada shi ne Axel, mai sunan wani ɗan Norway da ya fara yin sa a 1882, don shi kaɗai ake tashi ana fuskantar gaba, a sauka da baya, saboda haka kullum da ƙarin rabin juyi a cikinsa. Mai juyi ɗaya maki 1.10 ne, mai biyu 3.30, mai uku 8.00, mai huɗu 12.50. Alƙalai tara kowa ya ba da nasa daga 5 ƙasa da sifili zuwa 5 sama, a jefar da mafi yawa da mafi ƙanƙanta, a raba saura. Tsallen ƙarshe guda uku da aka yi a rabi na biyu na doguwar rawa, wadda minti 4 ce, ana ƙara musu kashi 10 cikin 100, saboda a lokacin ƙafa ta gaji. Na ce mata ashe akwai inda ake biyan gajiya.

Sai na tambaye ta wanda ya faɗi fa, sifili ke nan? Ta ce in lissafa da kaina. Wanda ya tashi Axel mai uku, ya cika juyinsa a sama, ya sauko ya sha ƙasa, za a zaftare rabin farashin, saura 4, a cire maki 1 na faɗuwa, saura 3. Wanda kuma tsoro ya kama shi a sama ya buɗe jiki ya yi juyi ɗaya ya sauka lafiya lau, 1.10 zai tashi da shi. Na sake lissafawa sau biyu. Kuma kiɗan ba ya tsayawa don ka faɗi, akwai sauran abubuwa na jiran ka a layin ƙasa, kowanne da kuɗinsa. Na zauna ina kallon lambobin nan ina tuna mutumin Gatino. Takardu sama da 300 na cike a kakar nan, guda ɗaya ta karkace, ni kuma na ba kaina sifili a duka.

Cikin Janairun 2024 na sayi takalmin ƙanƙara na hannu. Wuƙar da ke ƙasansa kaurinta bai wuce milimita 4 ba, tsakiyarta a ɗan rarake, ta zama kaifi biyu, na ciki da na waje, kuma duk wasan a kan sanin wanne kake kai ya tsaya. A gaba akwai 'yan haƙora kamar na zarto, don tsalle aka yi su, amma aikinsu a wurin ɗan koyo shi ne su kife shi. A gaban ofishin magajin gari akwai fili da ake shiga kyauta, can na je da doguwar rigar sanyi da wando, hijabi a ciki, hular kwano a sama. Yara 'yan shekara huɗu na wuce ni kamar iska, ni ina riƙe da katanga ina salati. Da na saki katangar ban yi taku biyar ba na zauna daɓas. Kwana uku a zaune nake sallah. Baban yara ya ce, "Hajiya, da girmanki?" Na ce da girmana. 'Yata ce ta nemo mini labarin Zahra Lari, 'yar Daular Larabawa, wadda ta fara shiga gasar ƙasa da ƙasa da lulluɓi, har alƙalai suka rage mata maki saboda shi a Italiya a 2012, ba ta cire ba. Ni dai ba gasa zan shiga ba, burina in zagaya fili sau ɗaya ban taɓa katanga ba, kuma sai da na yi mako shida kafin na samu.

Ana nan sai tsohuwar ta ce tana da tikitin gasar duniya ta wasan ƙanƙara da za a yi a birnin Montiriyal na lardin Kebek cikin Maris. Ta taɓa saye a 2020, saura kwana biyar a fara aka soke saboda korona, shekara huɗu tana jira. Ƙanwarta da mijinta da za su raka ta sun fasa, ko ni da yarinya za mu je? Ranar Alhamis ce, 21 ga Maris. Tsakiyar kakar haraji, kuma azumi na 11.

Na yi kwana biyu ina jujjuya abin. Na farko, ba a neman hutu a ofishinmu a Maris, ba a rubuce yake ba amma kowa ya sani. Na biyu, ga azumi a baki, ga kiɗa, ga shigar 'yan wasan da ba sai na bayyana ba. Ba zan ce muku na samo wata fatawa ba. Na san akwai wanda zai karanta ya ce bai dace ba, kuma ba zan yi musu da shi ba. Na dai auna halin da nake ciki bara war haka, na shiga wurin shugabata. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "A Maris?" Na ce a Maris. Ta ba ni, ni kuma na biya da ranar Lahadi.

Tafiyar awa biyu ce a mota, tsohuwar ke tuƙi. Filin Bell Centre, gidan 'yan wasan hoki na garin, yana cin mutum sama da 20,000. Abin da talabijin ba ya nunawa shi ne gudu da ƙara. Kana jin wuƙa na yankar ƙanƙara, kana jin dirar mutum kamar an sauke buhu. Da rana maza suka yi gajeriyar rawa, da yamma aka shiga ta 'yan bibbiyu, inda namiji ke ɗaga mace sama da hannu ɗaya yana gudu, ko ya wurga ta ta yi juyi uku ta dira da ƙafa ɗaya da baya. Ana cikin haka, bakwai ta ɗan gota, tsohuwar ta taɓa ni da gwiwar hannu ta nuna mini agogonta. Ashe tun a gida ta duba lokacin faɗuwar rana. Na fito da dabino uku daga jaka, na ba ta ɗaya, na fita na sami wani lungu na yi magariba.

Waɗanda garin ya zo gani su ne Deanna Stellato-Dudek da Maxime Deschamps. Shi ɗan Kebek ne. Ita kuwa a Amurka aka haife ta a 1983, ta zo ta biyu a gasar matasa ta duniya a 2000, ciwon ƙugu ya sa ta ajiye takalmi tana shekara 17. Ta koma aikin gyaran fata, ta shekara 16 tana zuwa aiki tana dawowa kamar ni da ke. A 2016 ta sake ɗaura takalmi. A daren nan shekararta 40, abokan karawarta wasu ta isa ta haife su. Da aka kira sunansu filin ya ɗauka har ina jin benci na rawa. Ni ban iya kallon rawa ba a lokacin, lissafi nake yi a kai, wannan ya wuce, saura kaza. Da suka gama suka zauna a ɗan wurin da ake jiran sakamako, maki ya fito, sai kuma 'yan Japan suka zo na biyu a jimla, zinare ya tabbata nasu. Ba a taɓa samun mace mai shekarunta da ta ci gasar duniya a wannan wasa ba. Tsohuwar na kuka, 'yata na tsalle, ni kuma na tsinci kaina a tsaye ina ihu da muryar da ban san ina da ita ba. Shekarata 37 a lokacin, kuma na daɗe da sa kaina a layin waɗanda tasu ta ƙare.

Muka fito da yunwa muka sami wani shagon halal muka ci abincin mutanen Kebek, soyayyen dankali da cuku da romo a kai. Ba zan yi ƙarya ba, bai kai dankali da ƙwai na mai shayi ba. Mun iso gida ɗaya ta wuce, na yi sahur, tara na safe ina kan teburina. Ranar Asabar a talabijin muka ga ɗan Amurka Ilia Malinin ya yi Axel mai huɗu, juyi huɗu da rabi, ya ci ta maza. Yara na ta sowa, ni ina jiran a saki takardar maki.

Aikin bai canza ba. Afrilu na nan yadda take, maganin hawan jini ma ban daina sha ba, kuma akwai Talatar da nakan yi barci a silima tun kafin a gama talla. Cikin Afrilun 2024 na sake yin wani kuskuren, na manta rasit ɗin kuɗin renon yaran wata mata. Wannan karon ni na gano, na je na faɗa da bakina, na ce ga abin da ya faru, ga abin da zai ci, awa ɗaya. Na gyara, na ɗauko fayil na gaba. Daren Talata ne, na tafi kallona.

Abin da ya rage mini shi ne mashigin Rideau, hanyar ruwan da aka haƙa tun 1832 ta ratsa tsakiyar gari. In sanyi ya kankama takan daskare a share ta ta zama titin zamiya mai tsawon kilomita 7.8, har wasu kan bi ta su tafi ofis da jaka a baya. Ba a buɗewa sai kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 30. A sanyin 2023 ko sau ɗaya ba a buɗe ba, karo na farko a tarihinta, na 2024 kuma 'yan kwanaki kawai aka samu, ni ko lokacin ina kan katanga. Sai a Janairun 2025 na hau. Muka tsaya a wata rumfa muka sayi soyayyen fulawar nan mai faɗi da suke kira jelar bifa, wata dabbar ruwa ta ƙasar, da sukari da kirfa a kai, ba nama a ciki ko kaɗan, sunan ne kawai. Ƙarfe 11 na safe, a Kano biyar na yamma, na ce bari in kira Umma ta bidiyo.

Ta kawo fuskarta daf da waya kamar yadda ta saba. Na juya mata ta ga mutane na wucewa.

"Ke 'yar nan, ina ne nan?"

"Kogi ne, Umma. Ya daskare."

"A kan ruwa kike tsaye?"

"A kan ruwa."

"Da 'yar mutane? Innalillahi. Aikin fa?"

"Yau Asabar, Umma."

Ta yi shiru tana kallo. Can ta ce, "To matsa in gani. Yi irin na waccan mai jar hula."

Na miƙa wa 'yata wayar, na gyara hular kwano, na tura ƙafar hagu. Ban san iya abin da Umma ta gani ba, don kafin in juyo sanyi ya kashe batirin.